Wuta a Hannun Wakili: Lacca a kan Na'urorin Ɗumama da Manhajar da ke Sarrafa Su

   

Na sani sarai, tun da aka ji maganata ta yau ta shafi na'urorin ɗumama ce, akwai wanda ya yi murmushi a zuci, yana cewa mu da ke ƙasar da bazara ke korar mutum daga ɗaki ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ina ruwanmu da abin da aka ƙera domin mutanen Ingila da Jamus? Amsata gare shi ita ce ya tuna da daren Disamba ko Janairu, sa'ad da iskar hunturu ta biyo ta kan duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe ta sauko gari da hazonta, leɓe ya tsage, faso ya buɗe baki a dunduniya, ladan ya kira assalatu, mutum ya tsoma hannu a randa ya ji kamar an sa masa aska. Ya tuna da mai jego, wadda al'adarmu ta ɗora wa wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, da irin itacen da wannan ke lashewa. Ya kuma tuna da matasanmu da matan aure da suka rungumi kiwon kajin gidan gona, waɗanda suka san cewa ɗan tsakon kwana ɗaya, da ba shi da uwar da za ta lulluɓe shi da fiffike, yana bukatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makonsa na farko, a riƙa rage masa kimanin digiri 3 duk mako, in kuwa aka kuskure dare guda, da safe sai a tarar sun hau kan juna a lungu, na ƙasa sun riga mu gidan gaskiya.

Dabarar da muka gada ita ce kasko da gawayi, kuma ba na raina ta, domin ita ta rene mu. Sai dai gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, har mutum ya wuce cikin barcinsa bai farga ba; shi kuwa kasko yana son mai tsaro, mai tsaro kuma ɗan Adam ne, barci ɓarawo ne. Daga nan bukatar na'urar da za ta tsare wuta a madadinmu ta taso.

Kada kuma wani ya zaci Turawan zamani ne suka fara wannan tunani. A birnin Bagadaza, a zamanin daular Abbasiyya, wajen shekarar 850 Miladiyya, wasu 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun wallafa Kitabul Hiyal, inda suka siffanta na'urori kusan 100, cikinsu har da fitila mai ƙara wa kanta mai da tura lagwani, da kwami mai cika kansa duk sa'ad da aka ɗebi ruwa. A 1206 kuma Aljazari ya kammala nasa littafin a Diyarbakir, wanda a cikinsa akwai na'urar zuba ruwan alwala. Wajen 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel ya haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai daidaita zafin kansa, in ya yi yawa ya toshe wa wuta iska, in ya ragu ya buɗe. Ku lura, ashe tun farkon al'amari kaza tana cikin maganar.

To, mene ne sabo a cikin abin da 'yan kasuwa ke kira na'ura mai wayo? Abu uku ne suka haɗu: ma'auni mai jin zafi da sanyi, da makunni mai buɗe wa wuta hanya ko ya rufe, da kuma harshe, wato ɗan ƙaramin rediyon da ke cikinta wanda take aika labari da karɓar umarni da shi. Biyun farko tsofaffi ne, ko dutsen guga na lantarki yana da su. Harshen shi ne baƙo, kuma a kansa duk wahalar take. Ita kuwa manhajar sarrafa gida, in muka aro lafazin malaman fiƙihu a babin wakala, ita ce wakili, mai gida shi ne mai wakiltawa. Ya faɗa mata abin da yake so sau ɗaya, ya tafi sabgarsa, ita kuma ta tsaya a kan ma'aunai da makunnai dare da rana tana zartar da abin da aka ɗora mata, ba ta ƙari ba ta ragi.

Wakili kuwa ba ya aiki sai yaran gida suna jin yarensa. Wannan na'ura tana magana da Wi-Fi, waccan da Zigbee, wata da Z-Wave, wata da Bluetooth. Waɗanda ma suka yi tarayya a Wi-Fi, kowane kamfani ya ƙulle tasa da tasa manhajar, har ka ga magidanci da manhaja huɗu a waya, ta hita dabam, ta inbata dabam, ta fitilu dabam, babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta, kamar kishiyoyin da suka yi shekara ba sa ga maciji. Galibin makunnan da ke shigowa kasuwanninmu ta Legas da Kano ko dai na Sonoff ne, da ake ƙerawa a Shenzhen ana sarrafa su da manhajar eWeLink, ko kuwa masu aiki da tsarin wani kamfani na birnin Hangzhou a ƙasar Sin mai suna Tuya. Sunan nan kuwa bai haɗa komai da tuyar ƙosai ba, ko da yake na sha ganin an tsaya ana dariya a kansa a shagon masu wayarin.

Yanzu ina roƙon ku ba ni hankalinku, domin nan ne zuciyar maganar. A yawancin na'urorin nan, yadda suke fitowa daga kwali, in ka danna waya kana zaune a zaure domin kunna hitar da ke bayan gida, umarninka ba ya miƙewa ya ratsa tsakar gida. Sai ya hau ƙarfen sabis, ya gangara Legas, ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya isa wata babbar kwamfuta ta kamfanin a Turai ko Amurka ko Asiya, can a duba shi a amince, sa'an nan ya juyo ta hanyar da ya bi, ya dawo Gusau ya shiga gidanka ya taɓa makunnin da ke taku goma daga inda kake. Duk wannan cikin ƙiftawar ido yake faruwa, shi ya sa ba a lura. Amma ku kwatanta da magidancin da ba ya iya ce wa yaronsa ya hura wuta sai ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani baƙo a wata ƙasa, baƙon ya karanta ya sa hannu ya aiko wa yaron. Muddin gidan waya na aiki, lafiya lau, ran da hanya ta yanke kuwa, ga mai gida ga yaro suna kallon juna, wuta ba ta huruwa.

Mu mutanen Zamfara ba ma bukatar a kawo mana hujja daga nesa a kan wannan. A ranar 3 ga Satumba, 2021, bisa bukatar gwamnatin jiha ta Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ban zo nan don in yanke hukunci a kan matakin ba, wannan yana da nasa majalisin. Abin da nake tunatarwa shi ne yadda aka wayi gari waya ta zama fitila da agogo kawai, mutane suka riƙa shiga mota ta Tsafe zuwa Funtuwa domin kira ɗaya ko tura kuɗi, har ita ma Funtuwar aka rufe nata, ba a maido wa Gusau ba sai ranar 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ƙara jiran makonni.

A lokacin ina da 'yan tsaki kwali biyu da ba su cika mako ba, a wani ɗan ɗaki bayan gida, na rataya musu ƙwayayen fitila masu zafi a kan wutar sola, na sa ma'aunin zafi a bango daidai tsayin bayansu, na sa makunni mai wayo a bakin ƙofa, na kuma rubuta doka a manhajar kamfanin da ya ƙera su cewa in zafi ya sauka a kunna, in ya hau a kashe. Har ina nuna wa baƙi ina alfahari. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi bayan rufe sabis, wajen ƙarfe biyu, uwargida ta tashe ni ta ce, “Malam, kukan 'yan tsakin nan ba na lafiya ba ne.” Na ɗauki tocila na fita cikin yayyafi. Na tarar da ɗakin duhu, sun dunƙule a kusurwa guda suna tsiwa. Batir cike yake, ma'auni na nuna lambarsa daidai, ɗan koren hasken makunni yana ƙiftawa, rauta tana aiki a falo, kowa da ransa, amma dokar da ta haɗa su tana can wata ƙasa a kwamfutar da ba za su iya kaiwa gare ta ba. Da yatsa na danna maɓallin, kamar yadda kakana zai tura itace a murhu. Na kwashe waɗanda aka danne, ban ƙirga su a gaban yara ba, na kuma shafe sauran kwanakin ina tashi sau uku kowane dare. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, domin ni na ba da amanar gidana ga wakilin da ban tambayi inda yake kwana ba.

Kuma ko da sabis bai yanke ba, shi baƙon da ke can yana iya rufe ofishinsa. A Amurka, a watan Mayun 2016, kamfanin Nest, wanda Google ya saya a 2014 a kan dala biliyan 3.2, ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da wata na'urar sarrafa gida mai suna Revolv, wadda mutane suka saya wajen dala 300, ta zama ba ta da amfanin komai. A Afrilun 2022 kuma masu amfani da kayan Insteon suka wayi gari manhajarsu ba ta amsawa, ba sallama ba sanarwa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal daga Abijan har Legas. In haka ta sami waɗanda ke kusa da bakin rijiya, ina ga mu da ke ƙarshen igiya?

Maganin abin shi ne a dawo da wakili cikin gida. Akwai manhajoji da aka gina a kan wannan manufa, mafi shahara a cikinsu ita ce Home Assistant, wadda wani mutumin Holan, Paulus Schoutsen, ya fara a 2013, kuma kyauta ce, asalin rubutunta a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Ana ɗora ta a kan 'yar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, cin wutarta kuma bai wuce na ƙwan fitilar zamani guda ba, ko a kan tsohuwar kwamfutar da aka jingine. A ajiye ta kusa da inbata, a haɗa ta da rauta. Daga nan dokokinka suna ɗakinka. Rauta kuwa, ko babu data ko babu sabis, tana iya haɗa na'urorin cikin gida da junansu, kamar yadda mutanen gida ɗaya ke magana ko an rufe ƙofar gari.

Sai dai ba kowace na'ura ke yarda ta yi magana da wakilin gida kai tsaye ba, a nan ne mai saye zai buɗe ido. Masu Zigbee sun fi sauƙin kai: a soka wa 'yar kwamfutar wani ɗan rediyo mai kama da filashi, su yi mubaya'a gare shi, shi ke nan, ba ruwansu da intanet. Makunnan Shelly, na ƙasar Bulgeriya, suna karɓar umarni daga cikin gida tun daga kwali. Masu tsarin Tuya na Wi-Fi, hanyar da aka fi bi wajen haɗa su tana ratsawa ta kwamfutar kamfanin, sai wanda ya jure wahalar ciro wani mabuɗin sirri na kowace na'ura yake samun yi musu magana a gida. Da yawa daga cikin makunnan Sonoff kuma, da yake ƙwaƙwalwarsu ta ESP8266 ce ko ESP32, masu hannu suna goge karatun da suka zo da shi su ɗora musu Tasmota ko ESPHome, su zama 'yan gida. Amma wanda zai yi haka ya sani garantinsa ya faɗi, kuma haramun ne gare shi, haramcin sana'a nake nufi, ya buɗe na'ura tana jone da wuta. Manyan kamfanonin duniya, Apple da Google da Amazon da Samsung, su ma sun gaji da wannan rarrabuwa, suka haɗu a kan yare guda mai suna Matter, wanda ya fito a Oktoban 2022, aka ƙara masa babin tankunan dafa ruwa da batura da sola a Nuwamban 2024. Yana aiki a cikin gida, kuma alama ce mai kyau in an gan ta a jikin kwali, ko da yake ni ban cika gaskata kwali ba sai na jarraba.

Akwai wata hanyar magana da nake so ɗalibai su riƙe sunanta, ita ce MQTT, wadda Andy Stanford-Clark na kamfanin IBM da Arlen Nipper suka tsara a 1999 domin sa ido a kan bututun mai da ke ratsa daji, inda saƙo ke bi ta tauraron ɗan Adam da tsada, layin kuma yana yawan yankewa. Wato an yanka ta ne daidai wuyan irin halinmu. Tsarinta tsarin kara ne: akwai dillali a tsakiya, mai labari ya kai masa, mai bukata ya ce in labari kaza ya zo a sanar da ni, ba sai mai saye ya san mai sayarwa ba. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne babin wasiyya, haka kuwa masu ita suka kira shi da harshensu. Kowace na'ura, sa'ad da ta fara gabatar da kanta ga dillali, tana barin saƙo a hannunsa cewa in ka ji ni shiru fiye da ƙima, ka shelanta cewa na faɗi. In ma'auni mai wasiyya a hannun dillalin da ke cikin gida ya faɗi da dare, ƙararrawa ce za ta tashe mai gida tun kafin kukan 'yan tsaki ya tashe shi.

Game da rubuta dokokin kansu, duk wanda ya zauna gaban malami ya ji usulul fiƙihi ya riga ya sami rabin karatun. Malamai sun ce cikar nisabi sababi ne na wajabcin zakkar kuɗi, zagayowar shekara sharaɗi ne, bashi kuwa mani'i ne mai hanawa. Sai sababi ya samu, sharaɗi ya cika, mani'i ya kau, sa'an nan hukunci ya tabbata. Haka dokar hita take, Allah gafarta malamai, ku yafe mini aron. Sababi: ƙarfe 11 na safe ta yi. Sharaɗi: batir ya haura kashi 90 cikin 100, abin da manhaja ke karantowa daga inbata ta wata kafa da yawancinsu ke da ita, mai magana da tsohon yaren masana'antu na Modbus, wanda ke nan tun 1979. Mani'i: tanki babu ruwa, ko injin jan ruwa yana aiki, ko janareta ne ke riƙe da gida. Hukunci: a kunna. Mafi yawan dokokin da na ga sun ba da kunya, mai rubutun ya kyautata sababi ne ya manta da mani'i. A ɗakin 'yan tsaki kuma kada a ce a kunna a kashe a kan lamba guda. A bar tazara, a kunna a 32 a kashe a 34, in ba haka ba makunni zai yi ta ƙaf-ƙaf kamar mai waswasi a wurin alwala, har ya ƙone kansa.

Me ya sa na ce ƙarfe 11 na safe, alhali da asuba ake son ruwan? Ga hisabin, ku rubuta. Ɗaga zafin lita 1 ta ruwa da digiri 1 yana cin wat-awa 1.16. Tanki mai lita 50, daga digiri 20 zuwa 60, zai ci 50 sau 40 sau 1.16, wato wat-awa 2,320, kimanin yunit 2.3 a mitar Kaduna Electric da ke ba mu wuta, kuma hita mai wat 1,500 za ta yi awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci kafin ta kai. Babban batirin nan na bolt 12 mai lamba 200 da kuka sani, duk abin da ke cikinsa wat-awa 2,400 ne, kuma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa. Ashe wanda ya kunna hita da batir da tsakar dare ya yanka sa ne domin baƙo ɗaya. Amma da hantsi zuwa azahar, bayan batir ya ƙoshi, farantan sola suna kan rufi suna shan ranar da babu inda za a zuba ta. A sannan ne wakili mai hankali zai juya rarar zuwa tanki, tanki mai rufi mai kyau kuwa yana riƙe zafi kamar filas, a yi wankan yamma da shi, a kuma tarar da saura da asuba. Digiri 60 ɗin ma da dalili na zaɓe shi, domin akwai ƙwayar cutar huhu mai suna Legionella da ke hayayyafa a ruwan da ya kwanta da ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45. Sai dai ruwan 60 yana ƙona fata, a sirka shi kafin ya taɓa jikin yaro ko tsoho.

'Yan'uwana masu wayarin, wannan taku ce. Wutarmu bolt 230 ce. Hita mai wat 3,000 tana jan amfiya 13, ɗan soket mai wayo da aka rubuta wa 10 kuwa iyakarsa wat 2,300, shi ma ba don ya ɗauka awa da awanni ba. Na sha ganin irinsa ya narke ya manne da bango, robar ta yi baƙi, Allah ne kawai Ya tsare. Ƙa'ida ita ce makunni mai wayo ya ja kontakta, kontakta ta ɗauki nauyin hita, da waya mai kauri da wayar ƙasa da abin yanke wuta in ta zube. Kuma kada a kuskura a cire ma'aunin asali da ke jikin tanki da sunan manhaja ta isa; manhaja tana iya sumewa, makunni yana iya mannewa a kunne, shi wannan tsohon ƙarfen da ba ya jin kowane yare shi ne zai hana ruwa tafasa a rufaffen tanki. Haka a ɗakin kaji, a ajiye ma'auni na gargajiya a bayan mai wayo, a kuma bar maɓallin da hannu zai iya dannawa, domin yarinyar da aka bari a gida ba ta da lambar sirrinka.

Sauran 'yan abubuwa ne da littattafan masu ƙera kayan ba su damu da su ba, saboda su ba a ɗauke musu wuta. Kowane makunni yana da zaɓin halin da zai tashi a ciki in an kawo wuta. Na hita a sa shi ya tashi a kashe, a kuma umarci manhaja ta dakata 'yan mintoci, domin wutar da ta dawo takan zo da hauka. Na'urorin Zigbee masu jone da wuta su ne ke miƙa wa na nesa saƙo hannu da hannu, saboda haka in suna kan layin Nepa, ana ɗaukewa sarƙar ta tsinke. A sa su a layin inbata tare da rauta da 'yar kwamfutar. Raspberry Pi kafin na 5, wanda ya fito a 2023, ba shi da agogon da ke tafiya in an kashe shi, daga intanet yake tambayar lokaci, don haka ran da babu sabis yana iya farkawa ya ɗauki azahar a matsayin tsakar dare. Ɗan agogo mai batir da ake ƙara masa ya raba gardama. Yawancin makunnan Wi-Fi kuma zangon 2.4 kaɗai suke ji, in waya tana kan na 5 sai a wuni ana haɗawa suna ƙi. Ƙurar hunturu ma tana toshe ma'auni, a riƙa hure shi.

Za a tambaye ni, shin kowa ne ke bukatar wannan? A'a. Mai hita guda da ke son ruwan asuba, agogon kunnawa na 'yan kuɗi kaɗan ya ishe shi, sayen abin da ya wuce haka almubazzaranci ne da ake yi wa ado da sunan ci gaba. Wanda abin zai amfana shi ne mai sola da rarar rana, da mai ɗakin 'yan tsaki ko injin ƙyanƙyasa, inda ƙwai ke son digiri 37.5 har kwana 21 ba fashi, da ɗakin haihuwa, da makarantar kwana, da masallacin da ke son jama'a su sami ruwan alwala mai ɗumi a watan sanyi.

Roƙona ga ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke nan garin, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, shi ne ku ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu: ku haɗa wa mai kiwon kaji na Bungudu ko Tsafe akwati guda mai ma'auni da makunni da ƙararrawa, wanda ke aiki da batirin sola, yana rubuta saƙonsa da Hausa, ba ya kuma neman izinin kowa a wajen katangar gidan. Ku kuwa iyayena magidanta, in kun je sayen irin kayan nan, kafin ku miƙa kuɗi ku ce wa mai shago ya haɗa na'urar a gabanku, sa'an nan ya zare layin da ke cikin rauta, ya kashe datar wayarsa, ya danna. In ta amsa, a yi ciniki. In ta yi shiru, ku bar masa kayansa.